Ɗauko Motar Yaya Sale daga Doma

Azuba zuwa Doma

Ƙarfe shida saura kwata na fito daga Azuba, kusa da Lafiya, ana idar da sallar asuba. Motar Yaya Sale zan ɗauko. Wata biyar ke nan tana gonarsa a bayan Doma, tun ranar da maciji ya sare shi wajen yankan riɗi. Makullin yana aljihunsa aka ɗauke shi a babur, ba a kuma sake ganin makullin ba. Matarsa, Anti Rabi, ta fita takaba, tana so a sayar da motar yara su koma makaranta.

A tasha na tarar da Oga Terver, rewayan da na yi magana da shi, mai gyaran wayoyin mota, Tibi ne, ya rungumo kwamfutarsa a leda. Muka shiga tasi, aka tsayar da mu a shinge ɗaya, bakwai da minti goma muna Doma. Daga nan babur, kilomita shida cikin gonaki.

A gona

Ɓeraye sun riga sun cinye wayoyi, har sai da wani makanike ya canja ƙwaƙwalwar motar da batir a makon jiya. Duk da haka ta ƙi tashi. Oga Terver ya ce sikiyoritin motar ne ya kulle ta, sai an koya mata sabon makullin da na zo da shi.

"Motar nan bai san ka ba," in ji shi. "Maigidansa yake jira."

Ya zaunar da ni a kujerar direba, ya ce in danna maɓalli in jira minti goma har jar fitila ta daina kiftawa, haka sau uku. Gonar shiru, ko tsuntsu babu. A zagaye na biyu ƙofofi suka kulle kansu. Kujera ta fara ja da ni baya a hankali, ta tsaya daidai tsawon ƙafar Yaya. Na zauna ina salati, ƙafata ba ta kai birki.

Oga Terver ya ce motar tana ajiye zaman mai ita, ba komai ba ne. Amma da ya duba kwamfuta sai ya juyo mini da ita. Tana nuna makullai biyu a cikin motar a lokacin: nawa, da tsohon. Muka ɗaga kafet, muka zazzage but, muka laluba ƙarƙashin kujeru. Babu.

Ya ce zai iya goge tsohon, amma shi ba zai danna ba sai iyali sun yarda. Na kira Anti Rabi. Na gaya mata, ta ce:

"Goge, Musa. Ya riga ya tafi."

Ni na danna. Fitilar ta mutu, motar ta tashi bugu ɗaya, ƙarfe sha ɗaya da rabi.

Komawa

A Doma muka tsaya cin gasasshiyar doya da manja. Har muka shigo Lafiya Oga Terver bai zauna a gaba ba.

Ƙarfe ɗaya na isa gida. Anti Rabi ta leƙo, ba ta karɓi makullin ba, ta ce in kai motar bayan gida inda taga ba ta kallo. Na kai.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da Oga Terver da bai gudu ya bar ni a gonar nan ba.