Jarkar Zuma a Kan Gwiwa

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba zan manta ranar da na rungumi jarkar zuma kamar jariri a tsakiyar kasuwar Matamaye ba.

Lokacin ban daɗe da fara dillancin zuma ba, kuma ciniki bai kankama ba. Sai ga wata Hajiya daga Legas tana neman wanda zai riƙa ba ta kaya duk shekara. An sha cusa mata zuma haɗe da ruwan rake, don haka ba ta yarda da kowa. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Ingilishi, sai aka kira mana wani dattijo da ya taɓa koyar da harshen a makaranta. Kalma ɗaya take ta maimaitawa tana nuna jarkokina: "Jenuwin?"

Na ce, "Malam, me take nema?"

Ya ce, "Tana tambaya ko ta gaskiya ce, ba gauraye. Haka suke ce wa kaya, har da mutum in zuciyarsa ɗaya ce." Malami ba ya iya gajarta magana. Ya ƙara da cewa kalmar daga tsohon harshen Latin take, wasu ma na cewa daga sunan gwiwa ta fito, don a dā can uba kan ɗora jariri a gwiwarsa ya shaida cewa nasa ne.

Maƙwabcina, shi ma mai zuma, tuni ya fara rantse-rantse. Ni kuwa na zauna kan benci, na jawo jarkokin zumar ƙauyen Dungu da aka tace a gabana, na riƙa ɗora su a gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Wata babbar jarka kuwa na bar ta a ƙasa.

Hajiya ta nuna ta da yatsa. Na ce, "Malam, gaya mata wannan a hanya na saye ta. Wataƙila mai kyau ce, amma ban ga haihuwarta ba."

Maƙwabcina ya ce, "Kai dai ba ka iya kasuwa ba, ɗan'uwa."

Da Malam ya fassara, Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce a loda mata 'ya'yana duka, a bar marainiyar. Har yau ni nake aika mata zuma. Marainiyar kuwa mun sha ta a gida da fura, ashe lafiyarta lau.

Tun ranar na daina rantsuwa a kan kaya. Abin da ba zan iya ɗora shi a gwiwata in ce nawa ne ba, ba na kiran sa na gaskiya.