Minti Ashirin a Hawan Kibo

Wata rana da hantsi, wata baƙar jif ta ci burki a gindin Hawan Kibo, dogon hawan nan na hanyar Jos da ko motar da ba ta ɗauki komai ba sai ta yi nishi kafin ta kai sama.

Direban sunansa Haladu. Shekara goma sha tara yana jan Alhaji Muntari. Ɗaki biyun da yake zaune da iyalinsa a bayan gidan Alhajin suke, abincinsu ma daga wannan sitiyarin yake fitowa.

In aikin ya tafi, komai ya tafi.

A kujerar baya akwai Alhajin da abokinsa Alhaji Nafi'u, sun dawo daga sarin doya a Lafiya. A-kori-kurar da ta ɗauko doyar ce ta mutu murus a gindin hawan, shi ya sa suka tsaya.

Mai hankali janwe zai kira. Amma Alhaji Muntari irin mutanen nan ne da in sun sayi babbar mota suke ganin jirgin ƙasa suka saya. Ya ce a fito da sarƙa a ɗaura.



Duk gidan Haladu ne kaɗai ya taɓa buɗe littafin motar nan. Ya san an rubuta kada ta ja abin da ya wuce tan biyu, a-kori-kurar kuwa da lodinta ta ninka haka. Ya sassauta murya ya ce ko a sauke rabin doyar a yi sawu biyu.

Alhaji ko kallonsa bai yi ba.

Kun dai san halinmu. Direba ba ya gyara wa maigida magana a gaban baƙo, ko da kuwa rami aka nufa. Haladu ya haɗiye sauran maganarsa, ya ɗaura sarƙa, direban a-kori-kura ya koma kujerarsa ya riƙe sitiyari, aka yi bismilla.

Da farko motar ta ja kamar abin arziki. Alhaji har da buga cinya, yana ce wa abokinsa ai wannan ko tirela aka ba ta sai ta kai ta Jos.

Ana kaiwa tsakiyar hawa, wata 'yar fitila ta kama a gaban Haladu. Fitilar zafin man giyar mota ce. Sai ga wani ƙauri yana shigowa, irin na man da aka manta a kasko.

Ya sami ɗan fili a gefen titi ya raɓe, ya bar injin a kunne don man ya zagaya ya huce.

"Kai, wa ya ce ka tsaya?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, man giya ne ya yi zafi. Minti ashirin kawai a ba ta."

Alhaji ya leƙo ta kafaɗarsa. "Ga allurar zafi can a tsakiya, ko motsi ba ta yi ba. Ni za ka raina wa hankali?"

"Wannan ta inji ce, Alhaji. Giya zafinta daban."

"To sannu injiniya. Ko ka ja mota, ko ka ajiye min makullina ka taka da ƙafa. In ka isa gida kuma ka kwashe min tarkacenka yau ɗin nan."

Alhaji Nafi'u ya ƙyalƙyale da dariya.

Don ya nuna shi ma ya san mota, Alhaji Muntari ya fito da babbar rigarsa, ya sa aka ɗaga banet, ya fasa ruwan leda huɗu a kan lagireto. Mutum cikinsa ke ciwo, an shafa masa magani a goshi. Ya karkaɗe hannu ya ce ga shi nan ya sanyaya ta.

Haladu ya kalli fitilar. Tana nan jawur.

Ya tuna matarsa, ya tuna yaransa biyar, ya tuna ba shi da ko kangon da zai kai su. Wallahi ya san abin da zai faru, ya sani sarai. Amma tsoron rasa ɗakin kwana ya fi ƙarfinsa.

Ya saka giya.

Ba su yi minti biyar ba, a daidai kwanar da ta fi tsayi, injin ya kwarma ihu amma motar ta daina gaba. Giya ta saki.

Haladu ya danne burki da duk ƙarfinsa. A banza. Nauyin doya ya fara jan su baya, taya na ƙara a kan kwalta, hagu dutse, dama rami mai zurfin da ba a ganin ƙasansa. Alhazan nan biyu salati kawai suke da ƙarfi.

Haladu ya murɗa sitiyari ya jingina motar da dutse, ta gefen da shi yake zaune.

Kowa ya fita lafiya, har direban a-kori-kura. Ko hular Alhaji ba ta faɗi ba. Haladu ne kaɗai aka zaro, ƙafarsa ta hagu ta karye gida biyu.

Kuna jiran ku ji an gode masa, ko?

Kwanansa uku a asibiti, maigadin gidan ya zo da saƙo, yana magana yana sunkuyar da kai. Alhaji ya ce a ba shi ɗakunansa kafin Juma'a, sabon direba zai shiga.

A majalisa kuwa labarin da Alhaji ya bayar daban ne. Wai tsohon direbansa bai iya motar zamani ba, ya ƙona masa giya da gangan, ya so ya hallaka su. Kafin Haladu ya fara dogara sanda, babu gidan mai kuɗin da labarin bai shiga ba. Duk inda ya je neman aiki sai a ce, "Au, kai ne na Hawan Kibo?"

Abin ya ci masa rai fiye da karayar. Ya ɗingisa har gidan Alhaji Nafi'u, ya durƙusa da ƙyar a kan ƙafa ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ba komai na zo roƙo ba. Kana cikin motar, ka ji na ce a tsaya. Ka faɗa wa mutane hakan kawai, ko na samu mai ba ni makulli."

Alhaji Nafi'u ya gyara zaman hularsa, ya kalli gefe.

"Wallahi Haladu, ni lokacin ina duba waya. Ban ji komai ba."

Yau shekara biyu ke nan, ba wanda ya sake miƙa wa Haladu makullin mota.

Darasi: Girman mota ba shi ne ƙarfinta ba. Kowace tana da iyakar abin da za ta ja, a rubuce yake, ka buɗe ka karanta. Allurar inji ba ta ba ka labarin giya. In fitila ta kama ko ka ji ƙauri, raɓe ka jira, ka rage kaya. Kai kuma mai riƙe da sitiyarin wani, ranar da ka san gaskiya aka ce ka yi shiru ka ja, ka ajiye makullin. Wanda ya tilasta ka, shi zai fara rantsewa laifinka ne.

Ka tura wa maigidan da ba ya jin maganar direbansa. In kana tsoronsa, saka a zauren da yake ciki, zai gani.