Wayar da Bunu Ya Liƙa a Ƙasan Fanel

Bunu ɗan masunci ne. Kakansa daga bakin Tafkin Chadi ya taso, ya biyo ruwa yana kamun kifi har ya yada zango a Haɗeja. Ubansa ma a kwale-kwale ya tsufa. Shi kuwa Bunu tun yana ƙarami ruwa bai karɓe shi ba, in ya shiga kwale-kwale sai amai. Sai aka kai shi wurin wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, a can ya koyi liƙi da dalma. Da rediyo ta ja baya ya koma injin ban ruwa, daga nan wayar hannu, daga nan sola. Yanzu ya haura hamsin da biyar, yatsunsa duk tabon ƙuna, kuma kowa a garin ya san halinsa. In ka kai masa abu zai gyara, amma ba zai gaya maka abin da ya lalace ba. Ba ya rubuta komai. In ka matsa da tambaya sai ya ce, "Yana aiki ko ba ya yi?" In ka ce yana yi, magana ta ƙare.

Shekara uku da suka wuce wani ofishi ya kafa wa ƙungiyar manoman shinkafa akwati a bakin fadama, a saman turken ƙarfe, da sola a kansa. Aikin akwatin sauƙi ne a faɗa. Akwai ƙwallon roba da ke iyo cikin bututu a bakin kogi, manoma suna kiransa gora. In ruwa ya taso gora ta tashi, sai akwatin ya buga jiniya ya kuma tura saƙo wayoyin mutane, su ruga su ɗaga jinga ko su kwashe injinansu. Cikinsa kuma tsari biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa ƙarami ne, shi ke riƙe da kowace ƙafa ta fanel, wato 'yan ƙarafan da ake liƙa waya a jikin allon lantarkin da ke cikin akwatin, shi ke cewa wannan ta wane ce, waccan ta wane. Na sama babba ne, shi ke tura saƙonni, amma ba ya taɓa komai sai abin da ƙaramin ya miƙa masa. Masu kafawa sun faɗi sunayensu da Turanci. Bunu bai wahalar da bakinsa ba, ya kira ƙaramin mai gida, babban kuma baƙo. Sun koya masa mako biyu, suka bar masa kulawa, suka tafi.

A damina ta biyu, cikin watan Agusta, aradu ta faɗi kusa da turken ta ƙone ƙafar da wayar gora take shiga. Ruwa kuwa yana ta hauhawa, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, kowa ido a kogi. Bunu ya tafi da safe, laka har gwiwa, ya sauke fanel. Ya duba ya ga wata ƙafa da babu abin da ke jikinta. Ƙafar da ake bi a yi wa akwatin magana ce in an haɗa shi da kwamfuta, amma wa ke zuwa fadama da kwamfuta cikin damina? Ya liƙa wayar gora a jikinta ta ƙasa, ya cire katin memori ya kai shago ya canza layi ɗaya a rubutun da ke ciki don mai gida ya san inda gora ta koma, ya dawo ya tsiyaya kakin kyandir a ƙasan fanel saboda raɓa da tururuwa, kamar yadda yake yi wa kowane aikinsa. Bayan kwana huɗu jiniya ta buga, mutane suka tsira da injina goma sha ɗaya. Bai gaya wa kowa abin da ya yi ba. A ganinsa jiniyar ta riga ta faɗa.

Da rani ya shigo, alkama ta fara fitar da kai, ofishin ya turo ma'aikaciya ta sabunta akwatin. Sunanta Najwa, 'yar Birniwa, wata biyar da ɗaukarta aiki, ba a ma tabbatar da ita ba tukuna. Ta zo da laftof da sabon memori. Alhaji Tukur, shugaban ƙungiya, ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tsamiya kusa da turken, manoma suka zauna kallo.

Ta sa memorin, ta haɗa kebul mai ƙafa uku tsakanin laftof da fanel, ta kunna. Rubutu ya fara zubowa a fuskar laftof. Mai gida ya tashi, ya tashi baƙo, baƙo ya lissafo kayansa layi bayan layi, har ya tsaya yana neman a rubuta suna a shiga. Najwa ta danna harafi. Babu abin da ya fito. Ta sake dannawa. Akwatin yana magana, amma ba ya ji.

"Baba Bunu, haka yake yi dama?"

"Ni ban taɓa yi masa magana ba. Aiki nake ba shi."

Aka yi dariya. A ranar nan, gaskiya, Bunu bai tuna da wayarsa ba. Wata shida sun wuce, ya gyara abubuwa sun fi ɗari a tsakani. Ya zauna ya miƙe ƙafa yana kallonta tana canza kebul, tana juya ƙafar aikawa da ta karɓa, tana rage gudun magana tana ƙarawa. Da ta ce wataƙila mai gida ba ya taɓo baƙo in harafi ya iso, sai ya ce, "Injiniya, ko sallama ba ki yi musu ba ne?" Mutane suka sake fashewa. Shu'ibu, magatakardan ƙungiya, har da buga cinya.

Washegari ta dawo da idanu jajur. Ta ce ta bi takardar rabon ƙafafu layi-layi, komai daidai yake, kuma memorin nan an gwada shi a ofis a kan fanel irin wannan, ya ji magana. Saura abu ɗaya.

"Baba, ara mini mitarka. Ina so in auna ƙafar karɓa. Kamar wani abu ya danne ta ƙasa."

A nan ne ya tuna. Ya ga kansa tsaye cikin laka, ƙarfen liƙi a hannu. Da rani ruwa ya ja baya, gora tana kwance a gindin bututu, makunninta a rufe, ta ja ƙafar ta haɗe da ƙasa. Ko harafi dubu aka turo ba zai wuce ba. Mitar tana cikin jakarsa, a jikin cinyarsa. Mutum goma sha biyu suna zaune, duk waɗanda suka yi dariya jiya da bakinsa.

"Batirinta ya mutu," in ji Bunu.

"To mu sauke fanel ɗin in duba bayansa."

"Bayansa lafiya lau. Ni na rufe shi da hannuna. In kika fasa kakin nan raɓa ta shiga, wa zai ɗauka?"

Alhaji Tukur ya ce a bar abin da Bunu ya rufe. Najwa ta dubi Bunu ɗan lokaci, ta ce to, ta koma kan laftof ɗinta. Har la'asar tana neman laifi a wurin da babu shi.

Da ya koma gida bai iya cin tuwon kirki ba. Matarsa Falmata ta tsaya a kansa da buta.

"Baban Adila, ciwo ne?"

"A'a."

"To yarinyar nan ta gyara?"

"Ba ta gyara ba."

"Ɗazu ta wuce ta ƙofar nan, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce ubanta ma gyaran injin niƙa yake a Birniwa, hannunsa irin naka. Ka taimaka mata mana, kai da ka san cikin akwatin nan kamar aljihunka."

Ya wanke hannu ya tashi ya fita ƙofar gida. Ya yi tunanin ya je da sassafe kafin kowa ya cire wayar, ya mayar da kaki, in ta kunna ta ga ya yi. Amma masu ban ruwan alkama tun asuba suke fadama, kuma ko ba su gan shi ba, ita za ta koma ofis ba ta san abin da ya faru ba, ta rubuta cewa ya gyaru da kansa. Kuma damina na zuwa gora ba ta jikin komai. Ya zauna a dakali har aka kira isha'i bai yanke komai ba.

Rana ta uku ya makara da gangan. Da ya isa ya tarar Shu'ibu yana karanta wa Alhaji takarda, Najwa tana tsaye gefe rungume da laftof. Takardar zuwa ofishinta ce. Ta ce akwatin ƙungiya yana aiki lafiya shekara biyu a hannun mai kula da shi, ma'aikaciyar da aka turo ta taɓa shi ya lalace, ana roƙon a turo wanda ya san aiki. Saura sa hannu.

"Alhaji, in wannan ta je ba za su tabbatar da ni ba," in ji Najwa. Muryarta ba ta rawa, amma ƙasa take kallo. "A ba ni yau kaɗai."

"'Yata, kwana uku muka ba ki. Ba mugunta ba ce. Bunu, ga ka nan, kai ne shaida. Ka sa hannu a ƙasan nawa."

Shu'ibu ya miƙo biro. Bunu ya dubi biron bai karɓa ba. Ya ajiye jakarsa, ya ciro sukundireba, ya hau turken. Ya kwance sukurori huɗu, ya sauko da fanel, ya kifa shi a kan tabarma a gaban Alhaji, ya sa farce ya ɓamɓare kakin. Ga jar waya nan, siririya, liƙe a ƙafar tsakiya.

"Wannan fa?" in ji Alhaji.

"Wayar gora ce. Ni na sa ta, daminar da ta wuce, da aradu ta ƙone wurinta. Ita ta toshe wa akwatin kunne." Ya ciro mitar daga jaka ya ajiye kusa da fanel, ya kunna ta, lambobi suka fito. "Batirin ma lafiyarsa ƙalau. Tun jiya na sani."

Ya ɗora ƙarfen liƙi a batirin sola, ya jira ya yi zafi, ya taɓa dalmar, wayar ta saki. Ya mayar da fanel ya haɗa, duk bai ɗaga kai ba. Najwa ta durƙusa ta sa kebul ta kunna. Rubutu ya zubo, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ta danna harafi ɗaya, ya fito.

Wani daga baya ya ce, "Ikon Allah." Wani ya yi tsaki. Shu'ibu ya naɗe takardar yana kallon Alhaji.

Alhaji Tukur ya dubi jar wayar a kan tabarma. Sannan ya ce, "Wayar da ka sa ta cece mu, wannan ba mu manta ba. Amma Bunu, da gemunka? Ka zauna kana kallo za mu yanka 'yar mutane?"

"Na zauna, Alhaji."

"Me ya sa?"

"Na riga na yi mata dariya."

Ya juya wajen Najwa. Bai iya neman gafara da dogon zance ba, bai taɓa yi ba. Ya ce, "'Yata, na cuce ki. Ki yafe."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce, "Baba, da ka faɗa jiya da safe, minti biyar ne." Ta share fuskar laftof da gefen mayafinta. "Yanzu gora ba ta da wurin shiga. Akwai ƙafa biyu a gefen hagu da ba a ba kowa ba. Wacce ta fi nesa da raɓa?"

Ya nuna mata ta sama. Ta buɗe takardar rabon ƙafafu ta ba mai gida lambar, shi ya liƙa wayar, wannan karon ta saman fanel inda ido zai gani. Aka tura wani ya ɗaga gora da hannu a cikin bututu, jiniya ta buga cikin tsakar rani har tsuntsaye suka tashi daga alkama. Alhaji ya sa Shu'ibu ya rubuta sabuwar takarda, aka faɗi abin da ya faru yadda ya faru, da sunan Bunu a ciki. A wannan ya sa hannu.

Najwa ta koma da yamma a motar Birniwa. An tabbatar da ita bayan wata biyu, labarin ya zo ta bakin Shu'ibu. Ba ta sake zuwa Haɗeja ba, akwatin bai sake buƙatarta ba.

Bunu yana nan a shagonsa. Ƙungiya ba ta kore shi ba, don babu wanda zai maye gurbinsa, amma a taronsu na gaba aka sa wa akwatin kwaɗo aka ba Shu'ibu makulli, aka ce duk ranar da za a buɗe sai da mutum biyu. Shu'ibu bai san bambancin jar waya da baƙa ba. Duk da haka, in sola ta yi ƙura ko batir ya yi sanyi, Bunu zai tura kekensa har ƙofar gidan Shu'ibu, ya yi sallama, ya tsaya a rana har ya gama karin kumallo, sannan su tafi fadama tare. In an buɗe, kafin ya taɓa komai, sai ya faɗi da baki abin da zai yi, Shu'ibu ya gyaɗa kai kamar ya gane.