Wadda Ta Ajiye Kyaftin Royce a Gindin Gada

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba motar Mis Wilma Fayard ke tsayawa a tashar jiragen ruwa ta Point Larue, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ba ta makara ba. Ta buɗe shago, ta ɗora kofi, ta leƙa tankin jatan landen da ake sa wa ƙugiya ta tsame matattu, ta kunna oba-oba ta ji inda iska ta dosa. Sannan ta zauna bayan kantar shagon, ta jawo waya da babban littafin fita gabanta. Duk mai son ɗaukar hayar jirgi da kyaftin ya tafi kamun kifi daga tasharmu, muryarta zai fara ji. Jirage bakwai ne, kyaftin bakwai, kowanne da girman kansa, ita ce kuma ke raba musu baƙi.

Ba ta rubuta sunan mutum sai ta yi masa tambayoyi kamar likita. "Ku nawa ne, ɗana? Akwai mai ciwon gwiwa? Kun taɓa hawa ruwa, ko dai a talabijin kuke gani?" Daga amsar take sanin jirgin da za ta sa su. Mun sha ganin ta mayar da baƙi gida rana tsaka, sama tas, kowa na gunaguni, kafin la'asar sai ga iska tana ɗaga kwanon rumfa. Mis Wilma, ke ce kunnen tashar nan, mu kuwa baki kawai muka iya. Asabar da ta wuce ta ajiye aiki, kuma akwai abin da ya kamata a faɗa a kanta, ko da yake faɗarsa ba ta yi wa kowannenmu daɗi.

Fita iri biyu ce a wurinmu. Akwai ta teku, can bayan tsibirai, inda ake dawowa da kifi kamar ɗan maraƙi ana ɗaukar hoto. Akwai kuma ta gada, wato neman kan-tunkiya, kifin nan mai zane baƙi da fari da haƙora irin na mutum, wanda ke maƙale a gindin ginshiƙan tsohuwar gada inda ruwa ke kwance. Mai wannan fita da shebur yake tafiya, ya kankare ƙwanson ƙananan halittun ruwa da ke manne da ginshiƙi, ɓarɓashin ya zuba, kifi ya taru. Ba wanda ke fahariya da ita.

Kyaftin Royce Ladnier da can shi ne zakaran teku. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce guguwa ta rutsa da shi bayan tsibirai, igiyar ruwa ta ɗebe baƙonsa guda daga cikin jirgi. Ya tsamo mutumin da ransa, aka yi ta yaba masa. Abin da bai gaya wa kowa ba, har matarsa Nelda, shi ne tun daga ranar da zarar ya hango mashigin da ke tsakanin tsibiran sai tsoro ya rufe shi, ya kasa wucewa. A tasharmu kuwa kyaftin da aka san yana tsoron teku ya gama yawo, ko dariya kaɗai ta isa ta kore shi.

Sai ya ga fitar gada ce kawai ke zuwa masa. Yau gada, gobe gada. A ransa har ajiyar zuciya yake yi, ya ɗauka sa'a ce, amma a gaban mutane sai ya riƙa tsaki don kada a gane. Ita kuwa Mis Wilma tana can tana tallata abin a waya. "Teku? Haba ɗana, amai za ka biya ka yi. Ka taɓa kama kifin da zai sace ƙaguwa a ƙugiyarka ba ka ji ba? Sai ka fizge tun bai ciza ba. Ina da kyaftin guda da ya san kowane ginshiƙi kamar 'ya'yansa." A haka har mutane suka fara kira daga garuruwa masu nisa irin su Memphis da Jackson suna cewa Royce suke so.

'Yan uwansa kyaftin ba su bar shi ya sha ruwa ba, musamman Tully Moran, mai bakin da ba ya mutuwa. Da ya gan shi da shebur sai ya ɗaga murya: "Manomi! Yau wace gonar za a nome?" Royce ya ce, "Wadda ta fi taka albarka." A yi dariya a watse. Wata safiya, shekara uku da suka wuce, Tully ya ƙara da cewa, "Anya, Royce, ba ruwa mai zurfi ne ba ya yi da kai ba?" Wasa yake yi, bai san komai ba. To amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Royce ya yar da shebur ya faɗa shago, inda mai tashar, Mista Harlan, ke tsaye da baƙi sun kai goma. Ya nuna Mis Wilma da yatsa.

"Ku tambayi tsohuwar nan! Shekara takwas ba ta ba ni fitar teku ko ɗaya ba. Tana da 'yan lelenta, ni kuma ta mai da ni mai kankarar gada. Na gaji da wannan son kai!"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, Royce kuwa ya naɗe tasa ranar. Mista Harlan ya jawo littafin ya yi ta buɗawa, shafi bayan shafi, ya ga maganar haka take.

"Mis Wilma, mene ne wannan?"

Ta dubi Royce sau ɗaya, ta mai da ido kan mai tashar. "Haka na ga ya dace."

"Dalili?"

"Ba ni da abin da zan ƙara, Mista Harlan."

A ranar aka karɓe littafin daga hannunta, aka sa na'ura ta riƙa raba fita bi da bi, ita kuma aka mai da ita sayar da ƙaguwa da jatan lande a ƙofar baya. Kafin mako ya zagayo sunanta ya koma Wilma mai 'yan lele. Nelda ta daina gaishe ta a coci. Mu ma mun kira ta da sunan, har da mai wannan rubutu, ba zan ɓoye ba.

A mako na biyu na'ura ta ba Royce abin da bakinsa ya roƙa: mutum huɗu daga Birmingham, fitar teku. Gari lafiya lau, ruwa kamar a faranti. Yana isa mashigin tsibirai sitiyari ya fara zame masa don gumi, idonsa ya rufe, ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Ya juya jirgi. Ya ce da baƙin inji ne ke ba shi matsala, alhali injin na ruri garau kowa na ji. Kafin ƙarfe takwas suna bakin tasha, ɗaya daga cikin mutanen yana ihu a kira masa mai wurin da makaniki, a duba injin nan a gabansa.

Royce na tsaye da igiya a hannu, ya san asirinsa ya zo ƙarshe, sai ga Mis Wilma ta fito daga ƙofar baya, bokitin ƙaguwa a hannu ɗaya, shebur a ɗayan.

"Ku ne masu sa'ar? Kai, Allah na son ku! Kan-tunkiya sun cika gindin gada makon nan, kuma kuna tare da wanda ya fi kowa iya su. Injin nan ko a yaya yake zai kai ku can. Wanda ya dawo hannu rabbana a cikinku, ni zan soya masa nawa. Maza, ruwa na janyewa!"

Ta tura su kamar mai kora awaki. Da la'asar suka dawo akwatin ƙanƙara ba ya rufuwa, suna nuna wa juna haƙoran kifi suna ƙyaƙyata dariya. Royce ya ɗauki bokitin ya zagaya ƙofar baya, ya same ta ita kaɗai. Ya kasa ɗaga kai.

"Tun yaushe kika sani, Mis Wilma?"

"Tun ranar guguwar. Shekara ashirin ina jin muryarka a oba-oba, Royce. Wadda ka dawo da ita ranar ba ita ba ce."

"Me ya hana ki gaya wa Harlan? Kalma ɗaya ta wanke ki."

"Maganarka ce, ba tawa ba. Ɗauraye min bokitin kafin ka ajiye."

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Mis Wilma, ke kika koya mana wannan. Mai karatu zai zaci washegari Royce ya je ya faɗi gaskiya. Ina! Bai je ba. Sau nawa yana kai wa ƙofar ofishin Mista Harlan, ya jiyo dariyar Tully daga rumfa, ya yi kamar wani abu ya zo nema. Bayan wata biyu aka mayar mata da littafin, don na'ura ta tura tsofaffin matan coci shida teku sun dawo a kwance saboda amai. Amma ba wanda ya ba ta haƙuri, sunan kuma bai goge ba. Ta ci gaba da tura Royce gada. Shi kuma duk Juma'a sai ya gyara kan-tunkiya biyu, kifin da gyaransa ke cin wuƙa da yatsu, ya ajiye mata a kan kantar shago ya fice da sauri. Ya san kifi biyu ba su ne abin da take buƙata daga gare shi ba. Haka aka kwashe shekara uku.

Ranar Asabar aka yi mata walimar sallama a ƙarƙashin rumfa, da soyayyen kifi da shinkafa da wake. Mista Harlan ya tashi ya yabe ta, ya rufe da cewa, "Mun ɗan samu saɓani a baya, amma ɗan Adam ajizi ne, mun yafe mata." Aka tafa.

Kalmar nan ta yafewa ita ta ɗaga Royce daga kujera. Ya cire hularsa yana murzawa.

"Ba ita za a yafe wa ba. Ni ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tsoron teku. Ba na iya wuce tsibirai. Ta sani, ta rufa mini asiri, ta ajiye ni inda zan ci abinci da mutuncina. Ni kuma na zage ta a gabanku, na bari kuka sa mata suna, na yi shiru."

Tully, wanda ba a taɓa ganin ya rasa ta cewa ba, ya zuba wa farantinsa ido. Nelda ta rufe baki da hannu biyu. Mista Harlan ya sunkuyar da kai.

Ta goge hannunta da tsumma, ta dubi Royce ba tare da fushi ba.

"Na gode, ɗana. Da ma Clovis yana nan ya ji. Ni ban damu sosai ba, shi abin ya fi ci."

Clovis mijinta ne, bara ya rasu. Royce na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Ya tsaya da hula a hannu, hawaye na bin gemunsa, ba wanda ya yi masa dariya, don kowa a wurin yana da nasa kason na kunyar.

Mis Wilma, uwar tasha, mai rufin asirin maza. Ke ce kika ɗauki zagi a kan laifin da ba ki yi ba, don kada namiji ya zube a gaban 'yan uwansa. Kin riƙe waya shekara talatin da ɗaya, kin san raunin kowa, ba a taɓa jin na wani a bakinki ba. Mun gode, kuma mun ji kunya, Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya. Masu riƙe da al'amuran mutane, a shago ne ko a ofis, ga abin koyi nan. Wanda kuma ya san akwai mai shan zagi a madadinsa, ya tashi yau ya je ya yi magana, tun waɗanda ya kamata su ji suna raye.