Baba Toma, mai taka hanya kafin mota ta taka

Kafin masu shayin Palladan su gama hura wuta, Baba Toma ya riga ya hau tsohon kekensa ya nufi Samaru. A harabar majami'armu motar take kwana, farar bas mai cin mutum talatin da 'yan kai. Yakan buɗe gabanta ya duba mai da ruwa, ya zaga tayoyi yana dukansu da ƙafa, sannan ya ɗauki bokiti da tsumma ya wanke ta ko da babu inda za ta je ranar. Matarsa, Mama Keziya, ta taɓa ce mini da za a ba motar nan ɗaki a gidansu da ita ce za ta koma kwana a zaure. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Ya kai amare, ya kai gawa, ya kai zumuntar mata taro har inda ba su san sunan garin ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye makulli, domin yanar ido ta rufe masa na hagu, na dama ma ya fara gajiya.

Ni ce Jemimah, ina koyarwa a wata sakandare a Samaru, kuma ni ke jagorantar matasan ikkilisiyarmu. Za a yi masa liyafa, za a ba shi agogon bango kamar yadda aka saba. Amma akwai maganar da na riƙe a ciki shekara tara, agogo ba zai faɗe ta ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Duk kaka, idan ruwa ya ɗauke aka fara yankan masara, muna kwasar matasa daga Samaru da Muciya da Dogarawa mu kai su sansani na kwana uku a wani gandun dajin gwamnati da ke kan duwatsun kudu. A kafa tantuna, a hau dutse, a yi sujada a ƙarƙashin itatuwa. Yaran Zariya ne, babban dutsen da suka sani Kufena, saboda haka idan suka ga waɗancan duwatsu bakinsu ba ya rufuwa. Kwalta takan ƙare a wani ƙauye, Tudun Kanya. Daga nan sai jar hanya mai nisan kilomita tara, sai wani rafi marar gada da ake kira Rafin Sanyi. Iyaye sukan miƙa mana 'ya'yansu a bakin mota, abin da suke so kuma ɗaya ne, a dawo musu da su yadda aka karɓa.

Baba Toma yana da wata al'ada da babu wanda ya sa shi. Saura mako guda a tafi, sai ya shiga motar haya shi kaɗai, ya sauka Tudun Kanya, ya ɗauki sandarsa ta gora ya taka kilomita taran nan da ƙafa. Yana tafe yana caka ƙasa. Inda ruwa ya ci gefen hanya ya bar ciyawa ta rufe ramin, sai ya ɗaura jan ƙyalle a reshe. Ya gai da manoma, ya tsaya wurin Japheth mai gadin daji ya ji labarin damina, ya shiga rafin ya auna zurfinsa. Idan ka tambaye shi dalili sai ya ce, "Hanyar bara ta bi ruwan bara." Al'adarsa ta biyu kuwa, mota ba ta haye rafi. Yakan juya ta a wannan gefen, fuskarta na kallon gida, mu kuma mu ɗauki kaya a ka mu tsallaka.

Mun sha yi masa tsiya a kan haka. Paschal, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, wanda yakan raka mu a madadin iyaye, ya taɓa miƙa masa waya ya ce, "Baba, duba nan, waya ta nuna hanya. Minti ashirin kawai." Baba ya kalli wayar da kyau, ya mayar masa, ya ce, "Madalla. Ita wayar ta taka da ƙafarta?"

Shekarar da nake son ba da labarinta, ruwa ya yi mako uku da ɗaukewa a Zariya, har an baza masara a gefen titi tana shan rana. Mun isa rafi wajen sha biyu da yara arba'in da ɗaya, domin wasu sun biyo mu a motar Paschal. Muka tsallaka, ruwan garau, iyakarsa idon sawu. Baba ya tsaya baya yana juya motoci yana sa wa tayoyi duwatsu. Tudun da muka saba sauka ya cika da doguwar ciyawa, sai an yi aikin sara. A bakin rafin kuwa ga farin yashi shimfiɗe, ga inuwa, ga ruwa kusa. Na tuna Baba ya ce mini a mota a sauka kan tudu. Amma na dubi sama babu ko ɗigon hadari, na dubi yara sun gaji, na ce a kafa tantuna a kan yashi. Ni na ba da umarnin, babu wanda ya tilasta mini.

Mama Nnenna, mai dafa mana abinci, ta ɗora babbar tukunyar dafa-duka. Yara suka faɗa ruwa suna wasa, har da 'yata Stephanie, lokacin tana da shekara goma sha biyu. Wajen ƙarfe biyu Baba ya taho. Na hango shi ya tsaya cak a tsakiyar rafi, ya sunkuya ya tsamo wani abu. Ya iso wurina da sauri, ya buɗe hannu. Ɗanyen ganye ne, kore shar.

"Malama, a tashi daga nan. Yanzu."

Na ce, "Haba Baba, damina ta wuce. Dubi rana."

"A Zariya ta wuce. Dutse da tasa daminar. Dubi ruwan nan, ɗazu fari ne, yanzu ya koma kamar shayi da madara, ga ɗanyen ganye yana biyo shi. An yi ruwa a bisa, yana hanya."

Yara sun taru suna kallonmu, ni kuwa girman kai ya hau mini. Na ce, a gabansu, "Baba, aikinka tuƙi ne. Kula da yara nawa ne." Har yau idan na tuna maganar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Baba ya juya ya nufi murhu, ya ciro tsummansa daga aljihu, ya kama kunnuwan tukunyar nan tana tafasa, ya sauke ta ya rungumo, ya kama hawan tudu. Mama Nnenna ta bi shi da ludayi tana ihu, "Baba Toma, abeg! Shinkafa bai nuna ba! Ina za ka kai mini tukunya?" Shi kuwa ya waiwaya ya ɗaga murya, "Duk mai jin yunwa ya biyo ni! Wanda ya zo ƙarshe ƙanzo zai ci!" Wa ya ga tsere. Yaran da ba za su ji wa'azina ba suka fito daga ruwa a guje, suna dariya suna ture juna, suka bi tukunya. Stephanie ce ta ƙarshe, ta tsaya neman silifa, Paschal ya fizgo ta.

Ni ma na bi su, ina ta shirya faɗan da zan yi masa. Ban kai rabin tudun ba na ji ƙara kamar tirela na gangarowa. Na waiwaya. Jan ruwa ne, ya fi tsayin mutum, ɗauke da kututture da rassa. Ya share yashin nan tas. Tantuna huɗu, gangunanmu, jakata da Littafi Mai Tsarki a ciki, duk suka tafi ina kallo, rana kuma tana nan tana haskawa. Na zauna a ciyawa. Paschal ya jera yara ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Arba'in da ɗaya.

Sai a lokacin na ga hannuwan Baba. Tsumman bai kare komai ba, tafukan sun tashi sun yi ruwa. Mama Nnenna ta shafa masa manja tana kuka tana yi masa faɗa lokaci guda. Washegari ruwa ya janye, Japheth ya kawo igiya muka tsallaka. Mashigin ya zama ƙaton rami, da motar ta haye da sai ta yi makonni a daji. Ga ta nan inda ya bar ta, fuskarta na kallon gida. Da hannuwa naɗe da ƙyalle ya tuƙo mu har Samaru.

Da kwamitin ikkilisiya ya zauna, wani dattijo ya buga tebur ya ce a faɗa masa wanda ya kafa tanti a bakin rafi. Na buɗe baki, amma Baba ya riga ni. Ya ce, "Mun yi kuskure, Ubangiji ya kiyaye. Ba za mu sake ba." Mun, ya ce. Ni kuwa na bar shi ya ɗauki rabin kayan da ba nasa ba. To, yau ga shi na sauke a gaban kowa.

Baba Toma, kai ne ka tsamo 'ya'yan mutane daga bakin ruwa da tukunyar shinkafa. Kai ne na wulaƙanta a gaban yara, ka rufa mini asiri a gaban manya. Kai ne, da hanyoyin daji suka lalace da 'yan bindiga, ka fara cewa a dakata, muka yi shekara uku muna sansani a gindin Kufena, matasa suna gunaguni kana murmushi. Na Keziya, mai gora, ba a yi maka gaggawa. Ina alfahari da cewa a zamaninka na yi aiki, kuma duk Zariya ban ga direban da zan jera da kai ba.

Bana Japheth ya aiko cewa yankinsu lafiya, kwamiti ya amince a koma. An ɗauki sabon direba, Martins. Talatar da ta wuce mu uku muka sauka Tudun Kanya, muka taka kilomita taran nan. Baba yana gaba, yana nuna wa Martins inda ake ɗaura ƙyalle. Da muka isa Rafin Sanyi ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan, yana murza ido. Can ya miƙo mini gorar.

"Malama, idona ba ya rabewa. Faɗa mini launinsa."

Na sunkuya na duba da kyau. "Garau yake, Baba."

"Ganye fa?"

"Busasshe ne, ɗaya-ɗaya."

"To, shiga gaba, mu bi ki."

Na gode, Baba. Iyaye arba'in da ɗaya sun gode, har da waɗanda sai yau suka ji abin da ya faru. Ku kuma direbobi da malamai da duk wanda ake damƙa wa 'ya'yan mutane, kafin ku ɗora su a kan hanya ku sauka ku taka ta da ƙafarku, ku kuma saurari tsohon da ya riga ku takawa. Ranar da muka dawo na kai masa gorarsa har gida a Palladan, ya ƙi karɓa. Ya ce baɗi ma akwai hanya.