Shirun da Kakata Ta Bari a Kaset

Watan da ya wuce na sayi rikoda. Tsohuwa ce mai cin kaset, irin wadda in ka danna madanninta take ƙara kamar an karya busasshen kara. A shagon wani mai gyaran rediyo na gan ta, nan Malali, an ɗora mata tarin matattun wayoyi a ka. Ya goge ta, ya canja mata roba, na biya na rungumo abata. 'Ya'yana sun yi dariya har da riƙe ciki. Babbansu ya ce in kawo duk kaset ɗin da nake ɓoyo ya zuba mini su a waya. Na ce ya zuba in yana so, amma rikoda ta zo ke nan. Da kuɗina na saya, ban kuma nemi shawarar kowa ba.

Na yi aikin jinya a Jidda, na zauna a Yamai, na sha sanyin Landan, kuma duk inda na je sai na sayo wani abu mai haske da ƙara. Yawancinsu na manta inda suka ƙare. Wannan kuwa, ranar da na danna ta a ɗakina na ji wannan ƙarar, sai ga ni zaune a kan tabarma a Unguwar Shanu, ina 'yar shekara goma sha biyu, ƙamshin man ƙosai ya cika tsakar gida.

Lokacin ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne, yana da gida mai katanga a Unguwar Rimi, amma kakata, mahaifiyarsa, ta ƙi zama a can. Ta ce unguwar da za ka wuni ba ka ji sallama ba, ba ta tsofaffi ba ce. Ta kama ɗaki biyu a Unguwar Shanu, tana suyar ƙosai da safe, tana kiwon awaki a bayan ɗaki, aka ba ta ni in zauna da ita. Mahaifina ɗan farinta ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ko yana tsugune a gabanta, ni take kallo ta ce, “Ki gaya wa ubanki.” Ni ce hanyar da maganarsu take bi, kuma ina jin da haka na fara koyon tafinta tun kafin in san wani harshe ban da namu.

Kakata tana da ƙanwa guda, autarsu. Tun suna matasa ƙanwar ta bi mijinta aikin hajji ta ƙasa, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka zauna, zaman ya zama na har abada. Duk bayan shekara ɗaya ko biyu wasiƙa takan zo da Larabci, a kai wa limamin unguwa ya fassara. Kullum abu ɗaya ne: tana lafiya, tana gaisuwa, tana addu'a. Kakata takan saurara har ƙarshe, ta yi godiya, sai mun dawo gida ta ce mini, “Wannan ba bakin auta ba ne. Yarinyar da ba ta iya magana uku ba ta tsokani mutum ba, yaushe ta zama waliyyiya?” Ta san halin mutanenmu. Akan ɓoye wa tsoho mutuwa shekara da shekaru don kada zuciyarsa ta buga. Zarginta shi ne ƙanwarta ta daɗe a kabari, 'ya'yanta ne suke rubutu da sunanta.

A daminar wata shekara rikoda ta cika gari. Samari ne ke rataye ta a kafaɗa, suna kiɗa a bakin titi. Kakata ta ji an ce tana kama muryar mutum ta riƙe, kuma wani alhaji maƙwabcinmu, mai fataucin turare zuwa Sudan, zai tashi a lokacin kaka. Ba ta gaya wa kowa ba ta sayar da awaki biyu. Da mahaifina ya ji, ya zo a kan babur ɗinsa ruwa na yayyafi, ya tsuguna a bakin ƙofa.

“Inna, wannan kayan samari ne. Me mutane za su ce? In wasiƙa ce, ni zan rubuta miki da hannuna.”

Ta dube ni. “Ki gaya wa ubanki, awakin nan ba gwamnati ce ta ba ni su ba.”

Washegari muka shiga babbar kasuwa, ita a gaba, ni a baya. Mai shagon Inyamuri ne da ya iya Hausa kamar a nan aka haife shi. Ta ce ba za ta biya ba sai ta ji aikin abin da kunnenta. Ya danna jan madanni ya ce ta yi magana, ta yi, ya mayar ya kunna. Ta saurara, ta yamutsa fuska.

“Wace tsohuwa ce wannan mai murya kamar ƙofar kwano?”

“Mama, ke ce.”

“To, ba ta ƙarya. Naɗe mini ita.”

Shi ya nuna mini yadda ake sa batir, da yadda ake ja da zaren kaset da biro in ya zube. Ya kuma nuna mini wani ɗan haƙori a bayan kaset, ya ce in aka ɓalle shi, ba mai iya ɗaukar wata magana a kai. A gida kakata ta ɗinka wa rikodar riga da ragowar atamfa, ta ajiye ta a kan jeren kwanoninta, sama da komai.

Ranar ɗauka sai da muka jira ruwa ya tsaya, don in yana dukan kwano ba ka jin ko naka numfashin. Bayan la'asar gari ya yi fes, ƙasa tana ƙamshi. Kakata ta yi wanka, ta sa zaninta na Juma'a, ta shafa turare, ta zauna a gaban rikoda kamar mai baƙuwa. Mahaifina ya zo da nasa saƙon a rubuce a takarda, yana jiran ta gama ya karanta. Na danna.

“Salamu alaikum,” in ji ta. Sai ta yi shiru.

Na ɗauka ta manta abin da za ta ce ne. Zare yana ta juyawa. Can ta gyaɗa kai. “Auta, kin wuni lafiya?” Ta sake yin shiru, tana kallon rikodar. “Madalla. Ina gajiya?” Shiru. “Yaya yaran?” A nan shirun ya fi tsawo, don yaran suna da yawa. “Yaya ƙafar taki?” Haka ta bi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da filinta, har ta shiga labarin waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa, kuma duk inda ya kamata mai sauraro ya yi salati ko ya ce Allah ya raya, sai ta dakata ta ba shi lokaci. Fuska ɗaya ta kaset ɗin ta cika, na juya, ta biyu ma ta cika. Mahaifina bai sami wurin karanta takardarsa ba.

“Inna,” ya ce, “ai ba waya ba ce. Ba ta jin ki yanzu. Rabin kaset ɗin nan iska ce.”

“Ki gaya wa ubanki, ni ba a koya mini in gaida mutum in hana shi amsawa ba.”

Ya bi ni har zaure ya yi ƙasa da murya. Ya ce gobe in kai masa kaset ɗin gida, zai ari rikodar abokin aikinsa, ya kwafe maganar ya zubar da shirun, saƙonsa da na mahaifiyata su sami wuri. Ya ce mutanen can sun waye, kada su yi mana dariya su ce 'yan uwansu ƙauyawa ne. Ban ƙi shi a gabansa ba, ba a yin haka. Na ce to. Kuma ba mugunta yake nufi ba, mutum ne da ofis ya koya wa cewa takarda ba a barin ta da fili.

Amma ni na zauna kusa da ita lokacin da take shirun nan, na ga leɓenta yana motsi. Da safe, kafin a sauke kaskon suya, na sa tsinke na ɓalle haƙoran kaset ɗin duka biyu, na naɗe shi a leda, na kai wa alhaji mai turare da hannuna. Da mahaifina ya tambaya na faɗa masa gaskiya. Ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba, ya yi mako biyu in na gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu. Kakata ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ƙosai dai ta riƙa ƙara mini guda biyu.

Kaka ta wuce, sanyi ya zo ya tafi. Kakata ba ta taɓa kunna kiɗa a rikodar ba, sai dai ta sauke ta ta goge ta mayar. In ta ji tsayuwar mota a bakin layi sai ta aike ni in duba. Sai da bazara ta kai matuƙa, mangwaro ya cika kasuwa, zafi ya hana awaki kuka, sannan alhaji ya dawo. Ya aiko da kwalbar turaren humra da kaset guda, ba wasiƙa. Ya ce a hannun wani ɗan ƙanwar ya bar namu, a hannunsa kuma ya karɓi wannan, bai shiga cikin gida ba. Wannan maganar ta ƙara tsinka wa kakata zuciya.

Ta sa aka kira mahaifina. Matan gidan suka taru a inuwar rumfa. Na sa sabon batir, na danna. Aka ji shuuu na ɗan lokaci, sai murya ta fito: “Salamu alaikum.”

Muryar kakata ce. “Sun dawo mini da shi,” ta ce a hankali. “Ba wanda za a kunna wa.” Ta fara innalillahi.

Ba ta kai ƙarshe ba wata siririyar murya, daga nesa, ta shigo cikin filin nan: “Wa alaikumus salam, Yaya.”

Ashe rikoda biyu suka jera a can, ɗaya tana faɗin namu, ɗaya tana ɗauka, tsohuwar tana zaune a tsakani tana amsawa. Kin wuni lafiya? Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina gajiya? Ba gajiya. Hausarta tsohuwa ce, irin ta ƙauyensu ta da, Larabci yana leƙowa ta tsakiya. Ta jero yaran ɗaya bayan ɗaya, filin ya ishe ta daidai. Kakata ba ta motsa ba, don gaisuwa kowace tsohuwa za ta iya amsawa. Sai aka zo kan ƙafa.

“Wace ƙafa? Wadda kika turo ni daga kan tsamiya kika ce wa Baba jaki ne ya harbe ni? Tana nan, tana gaishe ki.” Ta ɗauko wani zancen, sai muryar kakata ta faɗo da tambaya ta gaba. Aka ji tsaki. “Yaya, ki bari in gama mana. Har yanzu ba ki daina katse mutum ba?”

Matan suka fashe da dariya. Kakata ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Da ta buɗe, idonta jajur, ta ce, “Ita ce. Marar kunya, ita ce.” Sannan ta juyo gare ni. “Ki tambayi ubanki, wane wurin ne ya ce a yanke?”

Mahaifina yana tsugune a bakin rumfa, ya cire hularsa yana juya ta a hannu.

Sun yi shekara huɗu suna wannan aike kafin ƙanwar ta rasu, kuma ba a ɓoye ba, ɗanta ya faɗa da bakinsa a kaset, ya bar fili don salati.

Na koyi Larabci, na koyi Faransanci da Turanci, na ji yadda mutane suke gaisawa a wurare da yawa. Akwai inda za a tambaye ka lafiyarka, kafin ka buɗe baki mai tambayar ya kai ƙarshen titi. Ban ce sun yi laifi ba, nasu ke nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu kwaso shi mu ce ci gaba ne. Yanzu kowa yana aika murya ta waya, tsohuwar da ba ta iya karatu ba ma tana yi, kuma wannan alheri ne babba. Sai dai jikokina sun ce saƙona ya cika tsawo. Sun nuna mini wani wuri da ake taɓawa murya ta riƙa gudu, in koma kamar tsuntsuwa, su gama da ni da wuri. Ɗaya daga cikinsu ta ce, “Kaka, me ya sa kike yin shiru a tsakiya? Sai in ɗauka wayar ce ta tsaya.”

Na ce wayar lafiyarta ƙalau, ke nake jira.

Ba zan rage ba. In na yi sallama zan dakata, in na tambayi gajiya zan dakata, in na tambayi karatu zan dakata fiye da haka. Wanda yake sauri ya tsallake, ba zan bi shi ba. Wurinsa dai yana nan a buɗe, ran da ya ga dama ya amsa.