Sawun Keke Uku a Hanyar Gummi

Masu karatu, wannan ba labarin da na ji a bakin wani ba ne, ni ya faru da ni, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Anka, shekarun da hanyoyinmu ke lafiya, mutum ya kwana a daji ba abin da zai dame shi sai sauro.

Mahaifinmu ya yi jinya a daminar wata shekara, da ya samu sauƙi sai ya ce zai je Gummi ya gaida ƙanwarsa, Gwaggo Hajo, kuma bisa keke zai je kamar yadda yake yi yana saurayi. Inna ta yi faɗa har ta gaji, shi kuwa ya ce mota ba ta barin mutum ya gaisa da kowa, wuce mutane kawai take yi. Da ta ga ba zai saurara ba sai ta ce to ni da Yaya Bello, babban wanmu, mu bi shi. Aka aika wa Gwaggo ta bakin wani direba cewa muna tafe, don lokacin waya ba ta zo hannun irinmu ba.

Muka ɗaure tabarmi da gidan sauro da 'yar tukunya a bayan kekuna, Inna ta cika mana leda da ƙuliƙuli da garin kunu, muka kama hanya. Baba ba ya son titi, sai hanyoyin ƙauye da ya sani tun da, ta cikin gonakin gero da dawa, kuma kowane gari sai ya sauka ya tambayi wane da wane, a ce masa sun rasu, ya yi addu'a mu wuce. Da yamma muka yada zango a gefen wata gona kafin Nasarawa Burkullu, Yaya ya hura wuta, muka sha kunu muka kwanta. Ba abin da ya faru, barci muka yi mai daɗi.

Da safe ne, ina ɗaure kaya a bayan keke, na ga sawun keke a ƙasa. An yi yayyafi da asuba, rairayin ya kwanta, sawun ya fito raɗau, guda uku, sun tashi daga daidai inda muka jingine kekunanmu sun miƙe gaba, hanyar da ba mu riga muka bi ba. To, tayoyinmu ba iri ɗaya ba ne. Ta Yaya mai kauri ce mai manyan haƙora, tawa siririya ce ta cinye sumul, ta Baba kuwa ta baya ta tsage ya ɗaure ta da roba, duk juyi ɗaya sai ta bar tabo kamar an buga hatimi. Na rantse muku, ga mai haƙora, ga siririya, ga tabon roba.

Yaya ya ce ai keke ba namu kaɗai ba ne a duniya, mu yi sauri kafin rana ta yi zafi. Baba ya tsuguna ya auna tsakanin tabo da tabo da tafin hannu, ya tura kekensa gefen sawun ya sake aunawa. Ya ɗago yana murmushi kamar yaron da aka ba wasa ƙwaƙwalwa.

"Wanga kekena ne," in ji shi. "Ku taho mu ga ina na tahi."

Haka muka bi sawun nan, ni dai ba tsoro nake ji ba, so nake in ga ƙarshensa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, duk inda Baba ya yi niyyar ratsewa, sai mu tarar sawun ya riga ya ratse can. Har ya gwada su, a wata mararraba ya ɗauki hanyar da ba ita ya nufa ba, muka ɗan taɓa tafiya, sai ga su nan gabanmu.

Da hantsi muka iske wata Bafulatana mai fura da nono a gindin kanya, tana ganinmu ta ce, "Baffa, har kun juyo? Mantuwa kunka yi?"

Baba ya ce mata yanzu muke isowa. Ta yi dariya, ta ce kada ya mayar da ita mahaukaciya, ɗazu ya zauna bisa saiwar can ya sha fura, ya tambaye ta ko mashigin gulbi na ƙetaruwa. Ta nuna Yaya ta ce shi ya ce nonon ya yi tsami. Ta nuna ni ta ce wannan kuwa ko kurɓa bai yi ba, yana tsaye yana ta kallon ƙasa. Kuma maganar Allah, tun da muka tsaya ƙasa nake kallo. Yaya, wanda ya riga ya kai ludayi baki, ya ajiye shi a hankali bai ce komai game da nonon ba.

Bayan azahar muka kai gulbin da za mu ƙetare mu nufi Bukkuyum. Ba wani babban ruwa ba ne, damina ta ja baya, yana tafiya a hankali, kana hango ɗaya gaɓar sarai. Sawu uku suka gangara suka shige ruwa. Kafin Baba ya yi magana Yaya ya naɗe wando ya shiga ba keke, wai zai gwada zurfin. Iyakarsa ƙugu. Ya hau tudu can ƙetare, ya sunkuya yana dubawa, ya yi gaba ya yi baya a bakin ruwan, ya daɗe, sannan ya dawo fuskarsa ba yadda ya tafi da ita ba.

"Biyu sunka hita, Baba."

Nan take na tuna jinyar tsohon. Shi ma ina jin abin da ya zo masa ke nan, don cikin natsuwa ya ce, "Nawa ne babu ko?"

Yaya ya girgiza kai. "Naku na nan, da tabon robar. Nawa ma na nan." Bai kalle ni ba.

Ku yarda ko kada ku yarda, abin da na fara ji shi ne ina son in ƙetare in gani da idona, har na fara cire takalmi. Baba ya kama wuyan hannuna, riƙon da ban san yana da sauran ƙarfinsa ba.

"Auta, ba ka taɓa ruwan ga."

Muka ja baya muka shimfiɗa tabarmi bisa wani tudu nesa da gaɓa. Ko alwala bai bar ni na yi da ruwan gulbin ba, sai na buta. Muka zauna muna kallon mashigin har yamma, ni ina jiran in ga ambaliya ko kada ko wani abu da zai sa in ce to ga dalili. Babu. Makiyaya suka ƙetare da shanu, mata suka ƙetare da itace a ka, har wani ya wuce da keke a kafaɗa yana waƙa. Shanun suka tattake sawun, ya ɓace.

Washegari Baba ya fasa zuwa Bukkuyum, muka koma baya muka hau titin da ya ƙi tun farko, muka yi zagaye mai nisa, ba mu ƙara ganin sawun kowa ba. Sai da muka sake kwana a hanya sannan muka shiga Gummi.

Tun daga bakin lungu muka ga tabarmi a ƙofar gidan Gwaggo, maza zaune jugum. Muna sauka suka miƙe, wani dattijo ya ja da baya har ya taka buta. Gwaggo ta fito, ta dube ni, sai ta zauna a ƙasa daɓas. Ta daɗe tana shafa fuskata da hannuwana kafin ta iya magana.

Ta ce shekaranjiya da la'asar Baba da Yaya suka yi sallama, su biyu, suna ture da kekuna, tufafinsu jiƙe sharkaf. Ta tambaye su ina Auta, Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai haƙuri, Hajo, ruwa." Ta shiga ɗauko tabarma tana kuka, ta fito ba kowa, ta ɗauka sun koma neman gawa ne. Dattijon nan maƙwabcinta ya ce shi ma ya gan su, har ya ba Baba hannu, kuma hannun da sanyi. Zaman makokina muka tarar, har an shirya wanda zai tafi Anka wajen Inna.

Yaya ya fita bayan gida, na ji yana amai. Baba kuwa ya zauna ya yi ta yi wa Gwaggo tambayoyi, wace riga ce a jikinsa, ta ina suka juya, muryar tasa ce sak? Ta ce sak. Sai ya ɗaga hannu ya ce wa mutanen su taya shi addu'a, kada a naɗe tabarmin tukuna.

Gwaggo ta dubi Baba ta ce, "Addu'ar mi kuma, Yaya, ga yaro da rai?"

"Ko su wane ne, Hajo, sun rasa ɗa. Allah Ya ba su haƙuri."

Aka shafa, ni ma na shafa, ina zaune a tsakiyarsu.

Har Baba ya rasu bai daina tambayar malamai da matafiya ba, bai samu wanda ya ba shi amsar da ta gamsar da shi ba, ni ma ban samu ba. A mota muka koma Anka, kekunan a saman rufi. Ni dai abin da zan ce muku, in kuna tafiya da tsohonku ya riƙe hannunku ya ce kada ku shiga, ko ruwan bai kai gwiwa ba, ku mayar da takalminku.